Ƙibar Gidan Ɗantani

Ku yi mini afuwa, ni ba marubuciya ba ce. Karatun littattafai kawai na iya, shi ma sai na gama wanke-wanke. Na san akwai manyan da suka fi ni sanin yadda ake ɗaura labari, kuma na san a garinmu ba a son yarinya mai leƙen cikin gidan mutane. To amma abin nan ya tsaya mini a wuya tun bara, na haɗiya ya ƙi wucewa. Na sauya sunaye. Wanda ya gane gidan, don Allah ya yi kamar bai gane ba.

Rigar anko ce ta jawo wa Kulu.

Ranar da mai ɗinki ta aiko da kayan bikin Bahijja, autar gidan marigayi Malam Ɗantani da ke Boɗinga, kowace mace ta ɗauki nata ta shiga ɗaki gwaji. Kulu, matar Haliru yayan amarya, ta fito tsakar gida tana dariya, ta ware hannaye. Rigar ta yi mata zuruf kamar buhun albasar da aka zazzage rabinsa. Wuyan rigar ya zame har kafaɗa.

"Ku dubi ikon Allah," in ji ta. "Ni da ɗiyata dut muna shiga ciki, har da sauran wuri."

Ita kaɗai ke dariyar. Surukarta Hajiya Dije tana zaune a kan tabarma tana tsince shinkafa. Ta ture faifan gefe.

"Taho nan. Juya in gani."

Kulu ta juya.

"Mai ɗinkin ga ba ta san aikinta ba," in ji Bahijja.

"Ta san aikinta sarai," Hajiya Dije ta ce. "Gabana anka yi awon, kahin azumi." Ta kama hannun Kulu ta ɗaga shi. Awarwaron da a da yake nutsewa cikin tsoka sai ya zaro da kansa ya gangara har gwiwar hannu, ya yi ƙara. Tsohuwar ta daɗe tana kallonsa. Sannan ta ce, "Ƙwayoyin nan na Sakkwato ka cinye ki."

Akwai maganar da ta manne wa gidan Ɗantani shekara da shekaru. Matar babban ɗan gidan, yayan Haliru, ta taɓa yin wata irin rama, har danginta suka zo daga Dandin Mahe suka tafi da ita. A ƙofar gida, gaban jama'a, gwaggonta ta ɗaga murya ta ce wannan gida albasa ce kawai ke ƙiba a cikinsa, mata kuwa sai ƙashi. Maganar ta shiga kasuwa ta zauna. Yara suka mayar da ita waƙa. Ko akuyar gidan aka gani ta rame sai an yi murmushi.

Saboda haka da Kulu ta haifi Nana, jikinta ya fara cika, Hajiya Dije ta ji kamar an wanke mata fuska. Kumatu suka taso, wuya ya haɗe da haɓa, ƙafa ta ƙi shiga takalmi. Ba sunan da za a yi a unguwa, ba bikin da za a yi a Dingyaɗi ko Lambara, sai ta tasa Kulu a gaba. Ta zaunar da ita inda kowa zai gani ta ce, "Ku dube ta. Matar Haliru ta." Shi ma Haliru a rumfar 'yan albasa kafaɗarsa ta ɗaga. Abokai na tsokanarsa wai me yake ba ta, yana shafa gemu yana cewa sirri ne.

Abin da Kulu ta sani daban ne. Ta san sanyin da ke kwana cikin ƙashinta ko a tsakiyar bazara. Ta san barcin da ba ya ƙosarwa, da gashin da ke biyo matsefi dunƙule-dunƙule, da muryarta da ta yi kauri kamar ta mai mura. Sai da ta je ganin gida Shagari, yayanta Mansur, direban babbar mota, ya tarar da ita da rigar sanyi ana tsaka da zafin da ko kare ya nemi inuwa. Bai yi shawara da kowa ba, ya sa ta a mota sai babban asibiti a Sakkwato. Aka ɗebi jininta. Likitar, wata mace mai sanyin magana, ta ɗora yatsa a gindin wuyan Kulu ta ce a nan akwai wata 'yar tsoka da Allah ya ɗora wa aikin hura wutar jiki, to tata ta yi rauni. Abin da ake gani ba ƙiba ba ce, kumburi ne. Ta rubuta mata ƙwaya, 'yar mitsitsiya, ɗaya kullum da sassafe, da ruwa zalla, kafin a sa komai a ciki, a kuma dakata kafin a karya. Ba na wata ɗaya ba ne, ba na shekara ba ne, na tsawon rai ne. Ta ce ta riƙa dawowa ana duba jinin. Ta ƙara da cewa, "Duk daɗin da kika ji, kada ki bari. In kika bari, wutar za ta yi ta ja baya, kuma akwai inda in ta kai ba ta sake kamawa."

Kulu ta riƙe maganar. Kafin damina ta sauka ta dawo mutum. Ta koma yi wa yaran unguwa kitso, tana yi tana ba su labari. Ta koma jin yunwa da jin dariya. Idanunta suka fito daga cikin kumburi. Wannan ce matar da ta tsaya a tsakar gida cikin rigar da ta fi ƙarfinta.

Washegari da safe ta zauna bakin gado, kofin ruwa a hannu, ta ɓallo ƙwayar ke nan sai Haliru ya ɗaga labule. Bai zo da faɗa ba. Haliru ba mutum ne mai faɗa ba, ko tsawa bai taɓa yi mata ba. Ya zauna kusa da ita yana murmushi.

"Kin tashi lahiya, uwar Nana?"

"Lahiya lau, Malam."

"Wata 'yar alfarma nika nema." Ya miƙa hannu ya ɗauki kwalin maganin daga kan cinyarta, yana jujjuya shi. "Ki aje wanga abu sai bayan bikin Bahijja. Kwana nawa na? Ki ɗan mayar da jiki, rigarki ta zauna maki. Ana gama biki in maido maki abinki da hannuna."

"Malam, likita ta ce ba a tsallake ko rana guda."

"Likita ba ta zama rumhwar kasuwa. Jiya Ɗanmalam yac ce mani, Haliru, ko albasa ta hwaɗi na, mun ga uwargida ta koma irin na gidan? Anka yi ta dariya. Mutanen Dandin Mahe za su zo bikin ga, Kulu. Da wane ido Hajiya za ta dube su?"

"A rage rigar mana. Mai ɗinki na nan."

"Ba riga aka magana ba."

Ta kalli ƙwayar da ke tafin hannunta. Ya buɗe nasa tafin ya ajiye a gabanta, yana nan da murmushinsa, yana jira. A tsakar gida Hajiya Dije ta daina shara, ba a jin motsin tsintsiya. Kulu ta juye masa ƙwayar.

"Allah shi yi maki albarka," ya ce. "Za su zauna wurin Hajiya, cikin adakarta. Ba abin da ka taɓa su."

Da fari ba ta ji komai ba, har ta fara cewa a ranta ko likitar ta cika tsoratarwa. Ta ci gaba da kitsonta. Sai wata rana tana tsakiyar kan wata yarinya ta tsaya da tsinken kitso a hannu, ta rasa inda ta nufa da layin. Yarinyar ta waiwayo ta ce, "Anti, kin yi shiru." Kulu ta ce ba komai. Da la'asar ta jawo rigar sanyinta daga ƙasan akwati.

Ana haka dangin ango suka aiko daga Dingyaɗi cewa a ɗaga biki sai an yanke gero, hannunsu bai kai ba. Kulu ta ji labarin tana tankaɗe. Ta bari sai da Haliru ya gama cin abinci ta durƙusa gefensa.

"Malam, tunda an ɗaga, a ba ni in ci gaba da sha. In biki ya matso sai in aje."

"Haba, Kulu. Yanzu da jikin yaf fara dawowa? Ki sha ki zube, mu koma baya? Ki yi haƙuri, gero ya kusa."

Geron ko kai bai fitar ba a lokacin.

Damina ta yi nisa, Kulu ta yi ta cika. Fatar ƙafarta ta bushe ta yi fari-fari, ta shafa man gyaɗa ya ƙi shiga. Bayan gida sai ta yi kwanaki ba ta je ba. Gefen girarta ya zube. In aka kira sunanta sai maganar ta yi tafiya mai nisa kafin ta iso, amsar ma ta yi wata tafiyar kafin ta fito. Yaran kitso suka daina zuwa, iyayensu suka ce Kulu ta yi ƙiba ta fara jin kai. Wayarta ta faɗa cikin bokitin wanki don yatsunta sun ƙi riƙewa. Haliru ya karɓa zai kai gyara, ba ta sake ganinta ba. Mansur yana can kudu da lodin albasa, in ya bugo wa Haliru ya tambayi jikin ƙanwarsa sai ya ji, "Alhamdu lillahi, har ta mayar da jiki." Kuma Haliru bai ɗauki wannan a matsayin ƙarya ba.

Hajiya Dije kuwa gani take abin ba ya sauri. Ta aika kasuwa aka sayo mata sha-ka-fashe, maganin ƙibar nan da 'yan mata ke sha kafin aure. Kullum da hantsi sai ta dama fura da kanta, ta murtsuke ƙwayar a ciki, ta kawo har ɗaki.

"Shanye dut. Ni da hannuna nid dama maki. Wace suruka ka yi ma matar ɗa haka?"

"Hajiya, in na sha barci shika sa ni."

"To ki yi barcin mana. Wa yat tashe ki? Aikin mi kika yi cikin gidan ga? Mu da munka yi zamani da surukai, ko zama ba mu samu ba, bale hura har gado."

Kulu ta sha. Barcin da ke biyo furar nan ba irin na da ba ne. Kamar a rijiya ake zura ta, tana ganin bakin rijiyar yana ƙanƙancewa.

Wata ranar Talata aka yi ruwa tun safe. Da ya tsagaita ta fito ɗora sanwa, ta jawo kujera ta matsa jikin murhu don sanyi. Ta tuna ta sa itace. Abin da ta sake sani shi ne kukan Nana, can nesa, da wani wari. Ta buɗe ido a hankali ta ga bakin zaninta yana ci da wuta, 'yar tata tana tsaye dab da ita tana jan ɗaya gefen zanin. Kulu tana kallon wutar, ta san wuta ce, ta san ya kamata ta tashi, amma jikin ya ƙi karɓar saƙon. Bahijja ce ta fito da gudu ta fizge yarinyar, ta kwara wa Kulu ruwan tulu.

Fatar ƙwaurin Kulu ta saɓule. Hajiya Dije ta fasa ƙwai ta shafa mata, tana faɗa.

"Hutu ya yi maki yawa, shi na dut abin. Mace ta zauna gaban wuta tana gyangyaɗi kamar kaza!"

Bahijja ta tsuguna tana kuka. "Anti Kulu, don Allah ki dinga kula. In wani abu yas same ki yanzu, ɗaga bikin ga za a sake yi."

Haliru ya dawo da yamma, ya ga ƙunar, ransa ya ɓaci ƙwarai. Ya fita ya sayo tsire mai zafi da lemun kwalba ya ajiye mata. Ya ce daga yau an ɗauke mata girki. Kulu ta tattaro maganar da ta yini tana haɗawa.

"Malam. Maganina."

"Na sani, na sani. An hwara yankan gero a Dingyaɗi."

"Yarinyar ga... da ta ƙone."

"Allah ya tsare. Ki daina kawo mugun abu. Ci namanki tun da zahi."

Ya zauna yana kallonta har ta kai yanka ɗaya baki. A fuskarsa ba ta ga mugunta ba. Abin da ta gani shi ne irin kallon da yake yi wa rumbun albasarsa in ya cika.

Aka yanke gero, aka ɗaure dammuna, aka sa rana. Ana jibi ɗaurin aure aka sake fito da rigar anko. Wannan karon sai da Bahijja ta taya ta ja kafin ta shiga. Hajiya Dije ta rangaɗa guɗa ita kaɗai a tsakar gida.

Ranar lalle da hantsi, gida ya fara cika da baƙi, Kulu ta dafa bango ta isa ɗakin surukarta. Ta durƙusa, durƙuson da ta san tashi daga shi aiki ne.

"Hajiya, riga ta zauna. Biki gobe na. Ko guda a ba ni in hwara."

"A ba ki mi?"

"Maganin da ac cikin adaka."

Hajiya Dije tana ƙulla goro a leda, ba ta ɗago ba. "Wace adaka? Ni zan aje guba cikin kayana? Tun ranar da Haliru yak kawo mani su niz zuba su masai. Ke dai ki gode Allah da yab ba ki surukar da ta san ciwonki."

Kulu ta daɗe a durƙushe. Da ta samu ta miƙe, ta tarar da Haliru a zaure yana nuna wa yara inda za su jera kujerun haya. Ta tsaya a bayan ƙyaure ta kira shi. Ya zo yana share gumi.

"Malam, ka san an zubar?"

Ya kalli kujerun. Ya kalli takalminsa.

"Za a sawo wasu, Kulu. Bari dai a watse."

"Ka sani?"

"Tsohuwa ta, mi kika so in ce mata? Ki shiga ciki, maza na shigowa."

Mutum ɗaya ta rage mata a duniya, ita ce mahaifiyarta. Inna A'i za ta zo daga Shagari ranar ɗaurin aure. Kulu ta kwana tana maimaita abin da za ta ce mata, don kada kalmomin su gudu. Da safe, kafin a sa mata riga, ta ɗaga kwanukan jerenta ta zaro katin asibiti ta ƙulle a bakin zani, niyyarta ta damƙa wa Inna.

Aka yi mata kwalliya. Aka zana mata girar da ta zube, aka ɗaura mata ɗankwali ya rufe inda gashi ya kwashe. Hajiya Dije ta sa aka ajiye farar kujerar roba a bakin rumfa, daidai inda duk mai shigowa zai fara sauke ido, aka zaunar da ita. Rana ta take, mata na fifita da bakin mayafi, ita kuwa haƙoranta na son haɗuwa.

Mutanen Shagari suka iso wajen azahar. Inna A'i ta shigo da sallama, ta hango 'yarta, ta tsaya cak ta dafe ƙirji.

"Kulu? Ke ta wagga? Masha Allahu! Masha Allahu!" Ta juya wajen Hajiya Dije ta kama hannunta biyu. "Hajiya, Allah shi saka. Da Mansur yac ce mani ba ta da lahiya, ban yi barci ba. Ashe an riƙe mani ita da kyau."

"Ɗiyata ta, ai ba a yi mani godiya," in ji Hajiya Dije.

Kulu ta kamo bakin mayafin mahaifiyarta. Duk abin da ta kwana tana haɗawa ya watse, saura kalma uku.

"Inna... sanyi nika ji."

"Sanyin jin daɗi na, ɗiyata." Inna A'i ta riƙe hannunta tana dariya. Sai dariyar ta ɗan tsaya. Ta sake matsa hannun, ta dubi fuskar Kulu kamar mai son tuna wani abu. "Hannunki kamar ruwan randa..."

Nan take guɗa ta tashi a zaure. Mutanen Dandin Mahe ne suka iso, da gwaggon nan mai maganar albasa a gabansu, ta tsufa amma bakin na nan. Hajiya Dije ta ja Inna A'i ta ce ta zo ta tsaya kusa da ita. Ta tari baƙin da fara'ar da ba a taɓa gani a fuskarta ba, ta kawo su har gaban farar kujera.

"Ga matar Haliru, ku gaisa. Ga uwarta nan, ku tambaye ta in da abin da ɗiyarta ta rasa."

Gwaggon ta dubi Kulu sama da ƙasa, ta taɓe baki, sannan ta ce, "Lalle kam. Gida ya gyaru."

Hajiya Dije ta yi shekaru tana jiran wannan kalma. Idonta har ya kawo ruwa. Aka ɗunguma da baƙi zuwa ɗakinta cin abinci, da Inna A'i a cikinsu. Kafin ta wuce, Kulu ta turo Nana da ke jingine da gwiwarta.

"Inna, goya mani yarinyar ga. Kada ki sauke ta."

"Kawo ta nan, amaryar kakanta," Inna A'i ta ce, ta saɓa ta a baya ta bi sahu.

Kulu ta zauna. Masu kiɗan ƙwarya sun fara, amma sautin yana zuwa mata kamar daga wani gari. Ta ji rijiyar nan tana buɗewa a ƙarƙashin kujerar, yau kuma ko furar ba ta sha ba. Ta ga bakin rijiyar ya fi na kullum ƙanƙanta. Ta tuna yatsan likita a gindin wuyanta. Ta dubi matan da suka cika gidan, duk sun san ta, duk sun yaba ta yau, ba wadda za ta yi mamaki in ta ga ta sunkuyar da kai a kujera. Za su ce a bar ta ta huta. Za su bar ta har magariba.

Aka ce ga amarya za a fito da ita. Mata suka tashi ɗuu suka nufi ƙofar ɗakin Bahijja, masu ɗaga waya na ɗagawa, masu guɗa na yi. Kulu ta dafa hannun kujera. Karo na farko jikin ya ƙi. Ta ce, "Ya Allahu," ta sake yunƙurawa, ta miƙe.

Ba ta bi zaure ba, maza na can. Ta bi ta bayan madafa, ta wuce garken awaki, ta ture ƙyauren langa-langan da ake fitar da shara. Takalmi ya ƙi ƙafarta tun safe, don haka ba takalmi ta taka. Hanyar da ke ratsa gonar gero zuwa bakin kwalta, wadda a da take yi kafin tukunya ta tafasa, yau ta zame mata tafiyar fatake. Kututturen kara na sukar ta ba ta ji. Sau da yawa ƙasa ta kira ta ta zauna ko na ɗan lokaci ne. Ta san in ta zauna shi ke nan, sai ta riƙa kiran sunan 'yarta a fili, sunan da kunyar ɗan fari ba ta barin ta faɗa a gaban mutane. Nana Fatima, taki ɗaya. Nana Fatima, wani takin.

A bakin titi wata motar Sakkwato ta tsaya. Yaron mota ya leƙo ya ga anko da kwalliya, ya washe baki.

"Hajjaju, a matsa ma Hajiya! Kai, maigidan ga ya iya kiwo. Birni za a shiga?"

"Asibiti," in ji Kulu.

Ta samu wuri kusa da wata mata mai ɗauke da kwandon kuɓewa. Da ƙyar yatsunta suka kwance bakin zani. Ta zaro katin ta cusa a hannun matar, ta rufe hannun da nata.

"Baiwar Allah, ban san ki ba. In na yi barci kada ki bar ni. Ko na ƙi tashi, ki sa a kai ni inda anka rubuta nan."

Matar ta buɗe baki za ta yi wasa, sai ta ji sanyin hannun. Ta ajiye kwandonta a ƙasa, ta jawo kan Kulu ta ɗora a kafaɗarta, ta ce wa direba ya taka mota.

A gidan Ɗantani ba wanda ya lura. An fito da amarya, an yi liƙi, an ci an sha. Sai bayan la'asar, da mai hoto ya ce dangin amarya su jeru, Hajiya Dije ta ce a kirawo matar Haliru a sa ta a tsakiya. Aka je aka tarar da farar kujera.

Kulu ba ta san lokacin da aka shiga da ita asibiti ba. Ta yi kwanaki ba ta san inda take ba, likitoci suka ce da an ƙara yini ɗaya da sai dai wani labarin. Mansur ya baro motarsa a kudu ya taho. Haliru ma ya je, da ledar lemu da ayaba, ya tsaya a bakin gado ya ce shi wallahi bai san abin ya kai haka ba, da ta faɗa masa. Hajiya Dije ba ta je ba. Ta ce yarinyar ta kunyata su gaban baƙi, kuma ciwon da aka ce tana da shi, a gidansu dai ba a ga alamarsa ba.

Yanzu Kulu tana Shagari, a ɗakin da ke kusa da na Inna A'i, ita da Nana. Ta ce ba ta komawa, Mansur ya tsaya mata. Kullum da sassafe tana haɗiyar 'yar ƙwayarta da ruwa zalla, ta jira, sannan ta karya. Kwalin yana cikin wata 'yar jaka da take ratayawa a wuya, ko wanka za ta shiga da ita take shiga. In lokacin gwajin jini ya yi, ita kaɗai take hawa mota. Girarta ta fito. Tabon wuta na nan a ƙwaurinta. Yaran unguwa na layi a ƙofarta ranar Alhamis, tana kitso tana ba su labari, ana jin dariyarta daga waje.

Kwanan baya wasu matan Boɗinga suka je suna a Shagari suka gan ta tana ɗibar ruwa. Da suka dawo, a tsakar gidanmu suka zauna suna ba da labari, ina gefe ina wanke kwanuka.

"Allah sarki Kulu," in ji ɗaya. "Kun gan ta kuwa? Ta lalace, ta koma kamar kara. Mace tana cikin daula ta sa ƙahwa ta hita."

"Ai gidan Ɗantani sun yi mata dut abin da aka yi ma mutum," in ji ɗayar. "Yanzu haka Hajiya Dije na neman ma Haliru wata. Wadda za a ba, ta dace."

Duk suka ce Allah ya sa a dace. Ba a sa bakin yara a maganar manya. Na kife kwanukan, na ɗauki mayafina, na bi ta bayan madafa na fice, kamar yadda Kulu ta yi, tun ba wadda ta ɗago kai.